Kawu Sale a Taron Masu Manhaja na Damagaram

Tun ranar da na dawo daga Damagaram ban huta ba a ɗakin malamai. Wannan ta ce in ba ta labari, ina cikin bayarwa a kaɗa ƙararrawa, in na fito daga aji wata ta ce in faro mata daga farko. Ga kuma Kawu Sale can a gida yana ba da nasa, wanda kullum yake ƙara yaɗo kamar kabewa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, har da wuraren da na sha kunya.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sa'adatu. Ina koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata. Gidanmu yana wani ƙauye a bayan Kunci, inda sabis ɗin waya ba ya shiga ɗaki, iyakarsa bakin rijiya. Shekara biyu da suka wuce na rubuta wata 'yar manhaja saboda masu yi wa dabbobi allura. Ma'aikaci zai shiga ruga ya rubuta a wayarsa saniyar da ya yi wa allura da irin allurar, ko da babu sabis. Duk sa'ad da ya fito inda sabis yake, wayar da kanta za ta tura bayanan zuwa wasu manyan kwamfutoci da ke wata ƙasa, waɗanda ake haya don ajiya. Wannan ajiya ta nesa ita ce masu sana'armu ke kira kilaud, mu kuma muka fassara ta da gajimare.

Matsalar ita ce shanun yankinmu ba su san iyakar ƙasa ba. Da damina su haura Nijar, da rani su gangaro. Saniyar da aka yi wa allura a nan sai a sake yi mata a can, wata kuma ta tsallake duka biyun. Shugaban masu allurar ya gaya mini a fili cewa in ma'aikatan can ba su shigo ciki ba, su ma za su koma littafi da biro, domin rabin labari ba labari ba ne. To da na ga ana neman masu jawabi a taron masu rubuta manhaja na yanki da za a yi a Damagaram, sai na aika da sunana ba tare da na sa rai ba. Bayan mako uku suka amsa. Sun ba ni minti talatin, kuma ni ce zan buɗe taron.

Da na kai wa Baba maganar, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Allah ya sa albarka. Amma ba za ki tsallaka ƙasa ke kaɗai ba."

Yayyena suna fama da roron wake, saboda haka rakiyar ta faɗa kan Kawu Sale, ƙanin Inna. Manomi ne, mai kiwon shanun noma, ya ba sittin baya. Ya ce in kwantar da hankalina, ya san Damagaram kamar tafin hannunsa, don ya je sayen raguna tun kafin a haifi yayana na fari.

Mun tashi bayan asuba. Motar kasuwa ta kai mu Kazaure, daga nan muka shiga ta Daura. Ni na rungume jakar kwamfutata a cinya ina bitar jawabina a zuci, da Turanci, domin an ce akwai tafinta da zai riƙa juya shi zuwa Faransanci. Kawu kuwa kafin mu fita daga tasha ya san sunan direba da garinsu da abin da ya shuka bana. Direban ne ya tambaye shi abin da zai kai mu Nijar.

"Wannan 'yar tawa aka gayyata," in ji Kawu. "Za ta je ta yi musu bayani a kan gajimare."

Wani dattijo da ke gaba ya juyo gaba ɗaya ya dube ni.

"To 'yata, tun da Allah ya haɗa mu, yaya kika ga damina mai zuwa? Mu yi gero ko mu yi dawa?"

Na yi ƙoƙarin in bayyana masa cewa ba wannan gajimaren ba ne. Na ambaci kwamfuta, na ambaci ajiya. Ya gyaɗa kai cikin haƙuri, ya ce ya gane, su ma'aikatan gwamnati ba a barin su su faɗa kafin lokaci. Da zai sauka a Daura ya leƙo ta taga ya rage murya ya ce, "Ko alama ce ki yi mini." Kawu ya ce masa ya yi geron. Mutumin ya tafi yana godiya. Ina roƙon Allah ya ba shi damina mai kyau, don in ba haka ba sunana zai riƙa kira.

A Kwangwalam, bakin iyaka, takarduna ba su ɗauki lokaci ba. Na Kawu ma lafiya lau, sai da aka zo kan katin allurar shawara. Ni ina da nawa, shi kuwa bai taɓa jin labarinsa ba. Ma'aikaciyar lafiyar ta ce ba damuwa, ana yi a nan take, ya shigo ya naɗe hannun riga.

Kawun nan fa shi ake kira a ƙauyenmu in bijimi ya ƙi tsayawa a yi masa allura. Shi ke kama ƙaho ya murɗe wuya har dabba ta durƙusa. Amma da ya ga an ɓare sirinji sai ya fara tambayar ko babu ta sha. Aka ce babu. Ya tambaya ko za a iya yi wa 'yarsa a madadinsa tun da jini ɗaya ne. Aka ce ba a yi. Ya zauna ya runtse ido ya kama karanto addu'ar da ban taɓa jin tsawonta ba. Matar ta gama, ta jefar da allurar, ta rubuta kati, shi yana nan yana karatu.

"Baba, ai an gama."

Ya buɗe ido ɗaya. "An yi? To ba ta shiga ba."

Duk da haka daga nan har Damagaram hannun yana rataye a ƙirjinsa kamar wanda ya karye. Muna fita ya ce mini, "Sa'ade, rubuta ni a cikin abin nan naki na shanu. Kada a dawowa su ce ba a yi ba."

Muka tsallaka zuwa Ɗan Barto. Ƙasa ɗaya ce, gero iri ɗaya, fuskoki irin namu, Hausa kuma ita ce dai, sai dai an barbaɗa mata Faransanci kamar yadda muke barbaɗa wa tamu Turanci. Jami'in da ya karɓi takardunmu ya duba ya ɗaga kai ya ce, "Mushe Sale?"

Kawu ya waiwaya bayansa, ya sake duban mutumin.

"Ɗana, me ka ce?"

"Mushe Sale. Ba kai ba ne?"

"Ni ne Sale. Amma da raina da lafiyata, allura kawai aka yi mini."

Jami'in ya kwashe da dariya har ya ajiye biro. Ya bayyana mana cewa a wurinsu mushe girmamawa ce, kamar a ce malam. Kawu ya ce ya ji, amma a wurinmu mushe sai ungulu, don haka ya taimaka ya kira shi Sale kawai. A nan ne kuma na lura wayata ta yi shiru, layina na gida ya daina aiki. Ban damu ba. Na ce kwana biyu ne, zan huta da kiran mutane.

A Matamaye direba ya tsaya cin abinci. Aka kawo mana burodinsu, siriri, dogo kamar kamu biyu, ɓawonsa da tauri. Kawu ya juya shi ya ƙwanƙwasa a kan benci, ya tambayi mai shagon ko ci ake yi ko kora shanu. Amma da aka tsaga shi aka cusa masa nama da albasa da yaji, ya cinye nasa ya taya ni da rabin nawa, da hannun nan da ya ce ba ya motsi.

Mun shiga Damagaram bayan la'asar. Kawu ya ce kada in kira kowa, daga tasha zai kai ni ko'ina. Muka yi tafiya mai nisa yana neman wata bishiyar kuka da ya ce daga ita ake gane gari. Sau biyu muna wuce wani mai gyaran babur, a karo na uku mutumin ya yi mana sannu da zuwa. Daga ƙarshe shi ya ara mini waya na kira lambar da aka ba ni. Kawu ya ce ba laifinsa ba ne, sun matsar da garin.

Wadda ta zo ɗaukar mu sunanta Ramatu, ɗaya daga cikin masu shirya taron, mace mai fara'a da saurin magana, tana tuƙa babur ɗinta da kanta da mayafinta da komai. Ta sa aka kai mu wani masauki mai tsabta kusa da wurin taron, ɗakina daban na Kawu daban. Ta aiko mana da dambu da zogale wanda ya ji mai da ƙuliƙuli. Na ci dambu a gidaje da yawa, amma gaskiya a nan sun fi mu, kuma na faɗa a gaban Inna. Bayan abinci mai gadin masaukin ya dafa shayi a 'yar buta, ya miƙa wa Kawu a wani kofi da bai fi murfin kwalba ba. Kawu ya kurɓe ya miƙe zai tafi, aka ce ya zauna, saura biyu. Shayinsu hawa uku ne, kuma tashi bayan na farko rashin ladabi ne. Ya zauna. Kafin a kai na uku sun gano cewa kakar mai gadin daga wajen Ɓagwai take, sun zama 'yan'uwa.

Ana kiran magariba na ciro kwamfutata don in yi bitar ƙarshe. Tsohuwa ce, batirinta ya daɗe da mutuwa, ba ta tashi sai a jone da wuta. Na ɗauko filogi na nufi bango, sai na tsaya. Namu ƙafa uku ne masu faɗi. Nasu rami biyu ne 'yan zagaye. Na duba bayan gado, na duba banɗaki, na je ɗakin Kawu, duk haka suke. Kawu ya ce a ba shi wuƙa ya feƙe ƙafafun, na ce ya rufa mini asiri.

Na gaya wa Ramatu da ta leƙo. Ta ce abu mai sauƙi, kasuwa cike take da mahaɗin da ke karɓar filogin Najeriya, sai dai masu shagon sun tashi, da safe za a sayo. Ta ƙara da cewa, "In ma ba a samu da wuri ba, ki yi da ordinatar ɗina." Haka suke kiran kwamfuta. "Jawabin naki yana sama a gajimare, ko?"

"Yana sama," na ce, har da 'yar dariya. "Ai duk abin da na mallaka yana can. Ko a ina nake, in dai akwai intanet, zan sauko da shi."

Na faɗi wannan magana da alfahari, kuma Kawu yana tsaye yana ji.

Washegari ƙarfe tara ɗakin taro ya cika. Matasa ne galibi, maza da mata, daga Maraɗi da Yamai da Agadas, da 'yan kaɗan daga Katsina da Kano, kowa da kwamfuta a cinya. Shugaban taron, Mushe Isufu, wani siriri mai tabarau, ya ce ya aika a sayo mahaɗin amma shaguna ba su buɗe ba, kuma ba a fara taro a makare. Kawu ya samu kujera a layin baya, ya sa babbar rigarsa ta sallah, ya ɗora hannun allura a kan cinya. Aka gabatar da ni da Faransanci. Ban gane komai ba sai sunana da Kano. Aka tafa.

Ramatu ta jona kwamfutarta da allon bango, ta buɗe mini shafin shiga. Duk abin da na taɓa, jama'a suna gani. Na rubuta kalmar sirrina kamar yadda na saba, ba tare da na dubi yatsuna ba. Shafin ya ce ba daidai ba. Na yi murmushi na sake. Ya ce ba daidai ba. Na sake a karo na uku, a hankali, harafi bayan harafi a zuciyata, idona a kan allo. Sai ga jan rubutu ya fito ƙato a bango, cewa an rufe shiga saboda ana zaton ɓarawo ne, kuma an aika da lambar tabbatarwa zuwa wayata.

Sai a lokacin na sunkuya na dubi madannan. Inda harafin A yake a tamu, Q ne a tasu. M ya yi ƙaura zuwa wani layi. Lambobi ma ba sa fitowa sai an haɗa da wani maɓalli. Faransawa sun jera nasu daban, kuma ban taɓa sani ba. Na ciro wayata, wadda ta yi shiru tun Ɗan Barto. Lambar tana can tana jirana a Najeriya.

Tafintan ya matso ya raɗa mini cewa shi da rubutun allo yake aiki, in babu shi Turancinsa ba zai kai ba. Mushe Isufu ya cire tabarau ya goge ya mayar. Wani a layin gaba ya faɗi wata magana da Faransanci, na kusa da shi suka danne dariya. Ni da aka ɗauko daga wata ƙasa in koya wa mutane ajiya a gajimare, ga ni tsaye an kulle ni a waje, a gaban kowa. Na tuna shugaban masu allura da littafinsa. Na buɗe baki, ko kalma ɗaya ta Turancin da na haddace ba ta zo ba.

Daga can baya sai na ji muryar da ake kiran shanu da ita.

"Sa'ade, ki faɗa musu da baki mana. Yadda kike damun mu da shi a gida."

Ɗakin ya fashe da dariya, kowa ya juya. Ni kuwa abin da na lura da shi shi ne, kusan duk sun gane abin da ya ce. Na ɗauki lasifika na tambaya da Hausa, "Don Allah wa ke jin Hausa a nan?" Hannuwa suka tashi ko'ina. Waɗanda ba su ɗaga ba ba su fi a ƙirga da yatsu ba, tafinta ya ja kujera ya koma kusa da su yana murna, don juya Hausa zuwa Faransanci a wurinsa shan ruwa ne.

Na fara da ba su labarin ma'aikacin da ke shiga ruga tun safe, ya yi wa garke allura a inda ko kiran waya ba ya shiga. Na ce yawancin manhajojin da ake rubutawa a birane suna ɗauka sabis kamar iska ne, kullum yana nan. Su rezo suke ce wa sabis, sai na koma cewa rezo. Na zana musu a farin allo yadda waya ke riƙe bayani a cikinta, ta jera shi, ta jira, in ta samu rezo ko na minti ɗaya ne ta tura abin da ya fi muhimmanci tukuna. Na gaya musu kuskuren da na yi da farko, lokacin da hotunan shanu suka toshe hanya har sunayen allura suka kasa wucewa. Na ga sun daina kallon kwamfutocinsu. Wata daga Agadas ta ce su ma haka suke fama a asibitocin ƙauye. Minti talatin suka wuce ban sani ba.

Da aka zo tambayoyi, mutumin layin gaba ya miƙe. Injiniya ne daga Yamai, Hausarsa tana ɗan karkacewa amma tana fita. Ya ce yana da biyu. Ta farko, in ma'aikata biyu suka rubuta saniya ɗaya a rana ɗaya, ɗaya a nan ɗaya a can, wanne manhajar za ta ɗauka? Na ce na ƙarshe. Ya ce to in agogon wayar ɗayan ba daidai yake ba fa? Ban taɓa tunanin haka ba, kuma na san wayoyin ma'aikatanmu rabinsu suna nuna shekarar da ba mu kai ba. Na ce masa ya kama ni, gaskiyarsa ne. Abin ya yi mini zafi, amma haka yake.

Ta biyu, ya ce me zai sa makiyayi ya yarda a ajiye labarin dukiyarsa a kwamfutar wani a wata ƙasa, alhali yau kowa ya ga abin da ke faruwa in ƙofa ta rufe?

Kafin in haɗa amsa, Kawu ya miƙe yana gyara riga. Mushe Isufu ya dube ni, na dubi ƙasa, Ramatu kuwa ta kai masa lasifika da gudu.

"Ni ban yi boko ba," in ji Kawu. "Amma ina kai hatsi Dawanau, ina kama sito in ajiye. Can ya fi gida tsaro, ba gobara, ba ɓera. Sai dai ban taɓa kwashe duka in kai ba. Abin da za a ci har a kai ga sabon gero yana rumbuna a bayan ɗaki, inda ko cikin ruwan sama zan miƙa hannu in ɗebo. Wanda ya kai duka sito, ya zo ya ɓatar da makulli," sai ya nuna ni da hannun allurar, "to ga shi nan kun gani."

Dariyar da aka yi ta fi ta farko. Har injiniyan ya zauna yana tafi. Na jira ta lafa, na ce abin da Kawu ya faɗa shi ne manhajar ke yi wa ma'aikata, kowane yana da cikakken kwafi a wayarsa, ni ce dai ban yi wa kaina ba. Aka sake dariya, wannan karon da ni a ciki. Muna saukowa sai ga ɗan aike ya shigo da mahaɗin filogi a leda.

Da azahar gari ya watse. Su a can in rana ta take sai a rufe komai a je a kwanta, ba a dawowa sai wajen la'asar. Kawu ya ce wannan ita ce al'ada mafi hankali da ya gani a ƙasar. Ni ban samu kwanciyar ba, don wata dattijuwa ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce sunanta Mariyama, likitar dabbobi ce, ta shekara da shekaru tana bin makiyaya a arewacin Damagaram. Ba ta san komai game da rubuta manhaja ba, 'yarta ce ta ja ta zuwa taron. Ta ce da na yi jawabin da Turanci da ta yi barci.

Muka zauna a inuwa ni da ita da Ramatu, daga baya injiniyan ya zo ya same mu da takarda, ya riga ya zana yadda za a gyara matsalar agogon. Ba a yi wani babban alkawari ba. Abin da aka tsayar shi ne, ma'aikatanta da ke kasuwannin shanu biyu na bakin iyaka za su gwada manhajar har zuwa faɗuwar damina, Ramatu za ta juya rubutun cikinta zuwa Faransanci, ni kuma in gyara abin da aka kama ni da shi. Likita Mariyama ta ce in ya yi aiki za ta kai maganar gaba, in bai yi ba za ta gaya mini ba tare da kwana-kwana ba. Na yarda da ita, don ba ta yi kama da mai kwana-kwana ba.

Sauran taron na zauna na saurara. Kawu kuwa ya zama abin nema. Duk inda ya gifta sai a ce a yi hoto da shi, wasu matasa daga Maraɗi har suka tambaye shi a wace jami'a yake koyarwa.

Washegari muka kamo hanya. Muna tsallakowa Kwangwalam wayata ta farfaɗo ta kama kuka a jaka, saƙo bayan saƙo, lambobin tabbatarwa ne da suka daɗe da lalacewa. Kawu ya nuna katin allurarsa ga duk wanda ya ga yana sanye da kaki, har da wanda bai tambaya ba.

Tsakanin Daura da Kazaure yawancin fasinjoji suna gyangyaɗi. Kawu ya daɗe yana kallon gonaki. Can ya cire hularsa, ya zaro wata 'yar leda daga cikin naɗinta, ya warware a hankali. Wani ƙaramin hoto ne baƙi da fari, na wani mutum mai rawani da tsagar fuska, ya zuba wa mai ɗauka ido kamar yana shirin yi masa faɗa. Gara ta cinye kusurwa ɗaya har ta kusa kai kafaɗarsa.

"Kin san wannan?"

Na ce a'a.

"Kakanki ne. Babanmu ni da Innarki. Shi ke nan hotonsa a duniya, babu wani." Ya shafa gefen da ya lalace da ɗan yatsa. "Can gajimaren naku, gara tana hawa?"

"Ba ta hawa, Kawu."

"Ruwa fa?"

"Ba ya taɓa shi."

Ya miƙo mini da hannu biyu. Na ɗora shi a kan jakata, na jira mota ta fita daga gargada, na ɗauka da waya har sau uku. Muna shiga Kazaure sabis ya kawo, na tura shi, na nuna masa alamar cewa ya isa. Ya daɗe yana duban fuskar babansa a wayar, ya sa na ƙara girmanta har tsagar ta fito ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya karɓi na takardar, ya naɗe shi a ledarsa, ya mayar cikin hula, ya kafa ta a ka.

"Wannan yana nan wurina," ya ce. "Makullin wancan kuma ki rubuta mini a takarda in ba Innarki ta ajiye. Ke ba a ba ki riƙon makulli."